Wane mai ne ya fi a allurar ƙara ƙwanji?

TAMBAYA: Salamu alaikum Likita, da fatan kana lafiya ya aiki. Ni matashi ne shekarata 24, ina zuwa jim a Kaduna kusan shekara biyu. Mai koyar da mu ne ya fara sayar min da allurar testosterone, wato sinadarin maza da ke ƙara ƙwanji, a wata ƴar kwalba da babu lambar NAFDAC, na yi sau uku lafiya lau, ta huɗun ce ta kumbura min cinya, wajen ya yi ja ya yi tauri, yau kwana shida ko zama ban iya yi sosai kuma da dare jikina na ɗaukar zafi. Shi ya ce wai man da aka haɗa ta da shi ne bai karɓe ni ba, in koma wadda aka yi da man ƴaƴan inabi. Wani abokina kuma ya ce ai ta kamfani ma man gyaɗa ce, mu sayi garin mu haɗa da kanmu. Dan Allah wane mai ne ya fi?
Ɗan'uwanku daga Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin mu je maganar mai, wannan cinyar taka ita ce ta fi damuna. Kumburi mai ja da tauri har kwana shida ga zazzaɓi da dare, wannan alamar mugunya ce ke taruwa can cikin tsoka, kuma ba ruwan zafi ko man zafi ne zai fitar da ita ba. Ka je asibiti yau ɗin nan, ka tafi da kwalbar a aljihu ka faɗa musu gaskiyar abin da ka yi, kar ka ce faɗuwa ka yi a mashin. Na taɓa tsayawa a kan wani yaro sa'anka da ya ɓoye irin wannan sati biyu, da aka tsaga ɗuwawun nasa abin da ya fito sai da ya kusa cika ƙaramin kwano, ruwan ɗorawa haɗe da mai yana yawo a sama, ya yi wata guda ana cusa masa bandeji a ramin kullum yana cizon filo. In aka bar ta tana iya shiga jini, daga nan kuma magana ta zama ta rai.

To batun mai. Abokinka bai yi ƙarya ba amma rabin magana ya ji. Shi sinadarin ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa ake narka shi a mai, man ya zauna a tsoka yana sakin maganin a hankali kwana da kwanaki. A cikin allurorin kamfani, Sustanon 250 da Deca-Durabolin man gyaɗa ne a cikinsu, Depo-Testosterone ta Amurka man angurya ce, akwai masu man riɗi, Nebido kuma man zurma. Duk mayukan nan sunayen da muka sani ne a kasuwa, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Man da kamfani ke sawa an tace shi an sake tacewa, an kashe duk ƙwayar cutar da ke ciki, an auna shi a ɗakin da ko ƙura ba ta shiga. Man gyaɗar da ake tuyan ƙosai da shi kuwa cikinka ne ke iya ɗaukarsa saboda ciki na da hanyar da yake kashe datti, tsoka ba ta da wannan gatan, duk abin da ka tura mata nan zai zauna ya ruɓe. Wlh kar ka bari a haɗa maka komai a ɗaki.

Kuma fa ko na kamfanin ba wai ba shi da haɗari ba ne. Wanda jikinsa ba ya shiri da gyaɗa ko waken suya an hana a yi masa Sustanon, a rubuce yake a takardar cikin kwalin, don wani maƙogwaronsa ne zai kumbure numfashi ya gagara. Sai kuma wani abu da ƴan jim ke ɗauka wasa, wato tarin da ke turnuƙe mutum ana cire allura, da gumi da nauyin ƙirji da jiri. Man ne ya sami ƙaramar jijiyar jini ya bi har huhu. A Amurka da aka amince da irin mai man zurman a 2014 da sunan Aveed, sharaɗin da aka sa shi ne a asibiti kawai za a yi ta, kuma mutum ya zauna minti 30 ana kallonsa kafin ya tafi. Ka duba fa, ƙasar da motar asibiti ke zuwa da kiran waya ɗaya kenan, balle bayan jim inda mai yin allurar bai ma san inda babbar jijiyar ƙafa ta bi ba.

Shi man inabin da ake tallata maka dalilinsa ɗaya ne, ya fi tsinkewa yana saurin bin allura, amma kwalbar da ba lamba ba sunan kamfanin kirki ba wanda zai iya rantse maka abin da ke ciki, ba man ba, ba yawan maganin ba, ba tsaftar hannun da ya ɗura ba. Irin waɗannan su kan zuba sinadarin narkarwa da yawa don garin kar ya daskare, shi ma yana ƙona tsoka. In kuma sirinji ɗaya ko kwalba ɗaya kuke zagayawa da ita to ka ƙara da gwajin ciwon hanta na B da C da na ƙanjamau a tafiyar nan taka.

Abin da ya fi tsaya min a rai kuwa shekarunka. Duk man da ka canza maganin dai shi ne, kuma jiki in ya ga testosterone na shigowa daga waje sai ya daina yin nasa, maraina su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa a maniyyi su yi ƙasa har wani su ɗauke gaba ɗaya. Ƙarfin abin ya kai Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada wannan allurar ta sati sati a matsayin tsarin iyali na maza, an buga sakamakon a 1990. Yawanci ƙwayoyin haihuwar suna dawowa bayan watanni da daina allurar, wani sai ya haura shekara, kai kuma nan gaba kaɗan za a fara yi maka maganar aure a gida. Ga kaurin jini da hawan jini da kumburin zuciya da nono da ke fitowa maza, waɗannan ba sa yin ciwo da wuri irin na cinya.

In an gama da kumburin ka roƙi likitan ya auna maka hawan jini da kaurin jini da aikin hanta da ƙoda. Allura huɗu kawai ka yi, tsayawa yanzu ba zai yi maka wuya ba, ko da za ka ji kasala da raguwar sha'awa na ɗan lokaci, in abin ya daɗe ka koma wajensa. Ka sake rubuto min bayan an duba ƙafar, ina so in ji yadda ta kasance.