Amsa kan harsashi mai tsini a bindigar .30-30

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari muryarka tun jiya, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce ka sayi tsohuwar bindigar Winchester 94 mai cin harsashin .30-30 a nan Texas, ka fara ɗura harsashinka da kanka, kuma kana da ragowar kawunan harsashi masu tsini na bindigarka .308, ko za su yi tunda kaurinsu ɗaya. Kaurin ɗaya ne kam, amma don Allah kada ka zuba su a cikinta.

Ɗauko bindigar ka duba. Bututun nan da ke ƙarƙashin bakinta, nan harsasai suke kwanciya a jere, hancin na baya yana tokare da gindin na gaba. To a tsakiyar gindin nan firaima take, ɗan maɓallin da ke tayar da albarushi. Kana harbawa bindiga ta yi baya, duk jerin ya girgiza, tsinin nan ya zama kamar ƙusa a kan firaimar ɗan'uwansa. In ɗaya ya tashi a cikin bututu sauran na iya bin sa, kuma daidai wurin hannunka na hagu yake riƙe. Shi ya sa tun 1895 da harsashin .30-30 ya fito ake yi masa kai mai faɗi ko mai dunƙulallen hanci, yawanci mai nauyin giren 150 ko 170 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi). Kamfanin Hornady yana da wani mai tsinin roba mai laushi, FTX, wanda aka yi musamman don irin wannan bututu. Shi ba laifi, sai dai ka bi abin da littafinsu ya ce.

Abu na biyu shi ne matse bakin kwanso, wato gidan tagullar da albarushi ke ciki. Kan harsashin yana da wani ɗan zobe mai zane-zane a jikinsa, a nan bakin kwanso zai cije. Ni a farkona ban matse sosai ba. Na je daji na dawo, ina sauke harsasai sai na ga biyu sun nutse cikin kwanso, hancin kawai ke leƙowa, sifirin ɗin bututu ne ya yi ta danna su. Wallahi sai da gabana ya faɗi, domin harsashin da ya nutse haka ƙarfin tashinsa yana haura ƙima. In kuma ka matse fiye da kima, tagullar .30-30 siririya ce, kafaɗar kwanso za ta lotsa ta ƙi shiga. Maganinsa ka datse kwansunanka duka su zo tsawo ɗaya, inci 2.029, kafin ka saita abin matsewar.

Kwanson da ka harba sau da yawa, ka miƙe ɗan ƙarfen maƙale takarda, ka lanƙwasa bakinsa, ka zura ciki ka karto bango kusa da gindi. In ka ji ya kama wani ɗan rami, jefar da shi. Makullin wannan bindiga a baya yake, kwanso yana miƙewa a kowane harbi, wata rana gindin ya tsinke ya bar sauran a ciki.

Maganar yawan albarushi kuwa, ba zan faɗi adadi a murya ba. Buɗe littafin ɗura harsashi na kamfanin Lyman ko na Hornady, ka fara daga mafi ƙanƙanta, ka auna kowanne a sikeli. Kada ka nemi bindigar nan ta yi gudun .308. John Browning ya tsara ta a 1894, kuma barewa a yadi 150 ba ta tsere mata.

'Yan'uwanmu da ke Najeriya, wannan zance na nan ne, can doka ta hana haɗa harsashi ba lasisi.

Ƙanena, ranar Asabar bayan la'asar ina gida. Ka taho da kwansunan da bindigar, ba harsashi a ciki, mu auna tare kafin a buɗe farauta a Nuwamba. Masu tsinin ka bar wa .308 abinta.