Girman nonon namiji bayan an gama magani

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa nononka bai sace ba, alhali an shawo kan cutar tayirod ɗinka (wata gaɓa ce a gaban wuya) da ta jawo kumburin, kuma gwajin jini ya daidaita. Idan kumburin ya haura wata 12, naman da ke ƙarƙashin kan nonon yakan taurare ya zama kamar tabo, kuma irin wannan ba ya komawa da kansa. Maganin da ake kira tamoxifen ya fi amfani tun kumburin yana sabo yana ciwo. Wanda ya daɗe kuwa, tiyata ce ke cire shi. Ka nuna wa likita magungunan da kake sha, domin spironolactone da cimetidine suna haddasa wannan matsala. In kuwa ƙullutu ne mai tauri a gefe guda, ko jini yana fita daga kan nonon, ka gaggauta zuwa asibiti.