Likita ya ce jijiya ce, maɗori ya ce targaɗe ne: wa ya yi daidai?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Yau kwana biyar da na gurɗe a filin ƙwallo, idon sawuna na dama ya kumbura. A asibiti an yi mini hoto, aka ce ƙashi lafiya lau, jijiya ce ta taɓu. Maɗorin unguwarmu kuma ya ce targaɗe ne, in zo ya ja. Jin kalmar jijiya ya tayar mini da hankali, don na san wanda jijiyarsa ta taɓu ƙafar ta shanye. Wa zan bi? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, a kan sunan ciwon bakinsu ɗaya ne. Abin da ya rikita ka shi ne abubuwa huɗu mabambanta muke kira jijiya da Hausa, kuma kullum sai na ga wanda wannan ya hana barci.

Akwai jijiyar jini, wadda ake ɗaure maka damtse a nema idan za a ɗebi jini. Akwai jijiyar saƙo, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa da laka. Ita ce idan ka bugi gwiwar hannu a ƙyauren ƙofa za ka ji kamar wutar lantarki ta ja ka har ɗan ƙaramin yatsa. Lalacewarta ce ke kawo dindiris ko shanyewar gaɓa, irin na mutumin da ka sani. Ta uku ita ce igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Kai hannu bayan ƙafarka, sama da diddige kaɗan, za ka ji wata igiya mai tauri: agara ke nan, babu irinta mai ƙarfi a jiki. Da ita tsokar sha-raɓa ke ɗaga diddige idan ka yi ɗage. Ta huɗu kuwa ƙashi da ƙashi take ɗaurewa a mahaɗa don kada su rabu. Wannan ce taka, kuma raunin da ta yi shi Bahaushe ke kira targaɗe.

Ga yadda abin ke faruwa. Ƙafa, daga idon sawu zuwa yatsu, ƙasusuwa 26 ne cikin 206 da ke jikin baligi. A mahaɗar idon sawu ƙasusuwan ƙwauri biyu ne suka sauko suka rungumi wani ƙashi da ke zaune a kan na diddige. Ƙululun nan biyu da kake gani ciki da waje ƙarshensu ne. A gefen waje jijiyoyin ɗauri uku ne, kuma ba su kai na gefen ciki ƙarfi ba. Shi ya sa yawancin gurɗewa iri ɗaya ce: tafin ƙafa ya karkata ciki, nauyin jiki ya sauka a gefen waje, jijiyar ta miƙe fiye da ƙima ko ta ɗan yage. Hoton ƙashi ba ya nuna waɗannan jijiyoyi, aikinsa ya tabbatar babu karaya ko tsagewa.

Targaɗe daban, gocewa daban. A gocewa kan ƙashi ne ke fita daga mazauninsa, kuma ya fi faruwa a kafaɗa, domin ƙoƙon da kan ƙashin damtse ke zama ciki ba shi da zurfi kamar na kwatangwalo. A nan ne ake buƙatar gwani ya mayar. A targaɗe babu abin da ya fita balle a mayar. Ina girmama maɗora, sun daɗe suna yi wa jama'a hidima, amma a nan ban yarda a ja ba. Igiyar da ta fara yagewa, ja ƙara yaga ta zai yi.

Yana da kyau ka san sunayen motsi, don su za a tambaye ka a asibiti. Duba sallah kawai. A ruku'u kwatangwalo ne ya lanƙwashe, gwiwa na miƙe. A sujada gwiwa ta lanƙwashe, tafin hannu na kife, hannuwa sun ɗan buɗe daga haƙarƙari. Wajen sallama wuya ke juyawa dama da hagu, wajen addu'a tafin hannu ya dubi sama. Lanƙwasa, miƙewa, buɗewa, matsewa da juyawa, kusan duk motsin jiki cikinsu yake. Gwiwa kamar ƙyaure take, lanƙwasa da miƙewa ne babban aikinta. Kafaɗa kuwa duka biyar take yi. Zaman tahiya zai yi maka wuya kwana biyu, ka zauna yadda ya sawwaƙa.

A kwana biyu zuwa ukun farko ƙanƙara ake so, a nannaɗe cikin tsumma, minti 15 zuwa 20, tare da bandeji da ɗora ƙafa kan matashi. Ruwan zafi da murza a wannan lokacin, kumburi suke ƙarawa. Kai ka wuce nan, don haka fara motsa ta: kana zaune, ɗaga yatsu sama, ka miƙar da su ƙasa, ka zana da'ira a iska. Taka gwargwadon abin da za ka iya jurewa. Idan zafi ya lafa, riƙa tsayuwa da ƙafa ɗaya kana dafe da bango. Kada ka raina wannan, shi ke hana gurɗewa maimaituwa.

Ƙaramin targaɗe yakan warke cikin mako ɗaya zuwa uku, babba yakan ɗauki watanni. Idan har yanzu ba ka iya taku huɗu a kanta, ko zafin a kan ƙashin yake, ko yatsu sun yi dindiris, ka koma asibiti a sake dubawa, a haɗa ka da likitan fisiyo, wato mai jinyar gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki. Ƙwallo kuma sai ranar da ka yi tsalle da ƙafar ba ka ji zafi ba.