Tambaya da Amsa: Yadda za a rage yawon banza na injin huda na CNC

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina zaune a Agege, ina aiki a wata ƙaramar masana'anta a Ikeja, inda muke huda farantan ƙarfe da injin CNC, wato injin da kwamfuta ke sarrafawa. Kowane faranti ramuka 120 ne, kuma idan na tsaya ina kallo sai in ga injin ya fi daɗewa yana yawo a sama fiye da yadda yake cin ƙarfe, ga janareta na shan dizal. An ce mini sai mun sayi manhaja mai tsara jerin ramuka. Shin ita ce maganin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Manhajar tana da amfani, amma ba da ita zan ba ka shawarar farawa ba, domin a irin aikinku lokacin da ake asara wajen hawa da saukar bakin diril ya kan fi wanda ake asara tsakanin rami da rami, kuma gyaransa ba ya cin ko kwabo.

Ka buɗe firogiram ɗin ka nemi layin G81, wato umarnin huda rami, ka duba lambar da ke gaban harafin R. Wannan lamba ita ce tsayin da injin yake sauka da gudu kafin ya koma tafiyar cin ƙarfe, wadda take a hankali ƙwarai. Masu rubuta firogiram da yawa suna barinta a milimita 10 saboda tsoron karo. A ce kana huda a kan milimita 150 a minti ɗaya: idan ka sauke R daga 10 zuwa 2, ka cire milimita 8 da bakin yake huda iska, wato daƙiƙa 3.2 a kowane rami, wanda a ramuka 120 ya haura minti shida a faranti ɗaya. Sharaɗin kawai shi ne farantin ya kasance a shimfiɗe, domin wanda aka yanka da wuta ya kan lanƙwashe, kuma irin wannan sai ka auna wurin da ya fi tudu ka ɗora R a kansa.

Kusa da wannan akwai G98 da G99. Da G98 bakin yana komawa can sama inda ya fara bayan kowane rami, da G99 kuma yana tsayawa a tsayin R ya wuce rami na gaba. Idan tsayin farko milimita 50 ne, R kuma 2, to G98 yana ƙara milimita 96 na hawa da sauka a kowane rami, jimla kusan mita goma sha ɗaya da rabi a faranti. Ka yi aiki da G99, ka sa G98 a ramin da ke gaban maɗaurin da ya riƙe farantin kaɗai, don bakin ya tsallake shi. Haka nan, idan ramin bai yi zurfi sosai ba, babu dalilin amfani da G83, wanda yake fito da bakin gaba ɗaya bayan kowane cizo don zubar da ɓarɓashi. G73 yana ja da baya kaɗan ne kawai ya karya ɓarɓashin ya ci gaba, a injinan Fanuc da Haas da makamantansu.

Canjin baki ma yana cin lokaci. Ka gama dukkan ramukan da baki ɗaya zai yi kafin ka kira M06, umarnin canja baki, kuma idan tebur zai ɗauki faranti biyu, ka ɗaura su tare, kowane da wurin farawarsa, G54 da G55.

Sai batun jerin ramuka. Masana lissafi suna kiransa matsalar ɗan koli mai yawo: mutum zai zaga garuruwa da yawa, kowanne sau ɗaya, ta wace hanya tafiyar za ta fi gajarta? Ramuka goma kacal ana iya jera su ta hanyoyi 3,628,800, balle ramuka 120, waɗanda ko kwamfuta ba za ta iya gwada duk hanyoyinsu ba, saboda haka dabara ake yi. Mafi sauƙi ita ce a tafi ramin da ya fi kusa kowane lokaci, sai dai ta kan manta wasu ramuka a baya, a ƙarshe a yi doguwar tafiya a ɗebo su. Gyaranta shi ne dabarar da Croes ya wallafa a 1958: duk inda layin tafiya ya gicciye kansa, a juya jerin ramukan da ke tsakani, hanyar za ta gajarta. Shen Lin da Brian Kernighan sun faɗaɗa ta a 1973, kuma irin waɗannan dabaru ne ke cikin manhajojin da ake tallata muku. Inda suke biyan kuɗinsu shi ne allunan lantarki masu dubban ramuka a warwatse. Idan naku a layi-layi suke, ka bi layin farko daga hagu zuwa dama, na biyu daga dama zuwa hagu, ka kuma sa baki na biyu ya fara daga inda na farko ya tsaya.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: a injina da yawa, G00, wato umarnin tafiya da gudu ba tare da huda ba, ba ya bin miƙaƙƙen layi, kowace hanyar motsi, X (hagu da dama) ko Y (gaba da baya), tana gudu da iyakar ƙarfinta, don haka tafiyar milimita 100 a X tare da 100 a Y lokacinta ɗaya da ta 100 a X kaɗai. Ma'ana, hanyar da ta fi gajarta a takarda ba lallai ta fi sauri a inji ba, kuma wannan karkatacciyar tafiya tana iya kai baki kan maɗauri. Saboda haka bayan kowane gyara, ka ɗaga Z, wato tsayin baki, sama da farantin, ka rage gudun G00 zuwa kashi 25 cikin ɗari, ka bi firogiram ɗin layi bayan layi hannunka na kan maɓallin tsayarwa, sannan ka rubuta lokacin faranti ɗaya kafin gyara da bayansa ka kai wa maigidanka.