Tambaya da Amsa: Yadda Mutane da Yawa Za Su Rubuta Takarda Ɗaya

Wasiƙun wannan mako duk sun karkata wuri guda, wato rubutun haɗin gwiwa. Mun zaɓi huɗu daga Katsina da Daura.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu bakwai ne a rukuninmu, aka ba mu aikin bincike a kan sana'ar jima a Katsina, za mu miƙa nan da mako uku. Kowa yana rubuta nasa a waya ya turo ta WhatsApp, ni kuma in haɗa. Yanzu ina da fayil har tara, ban san wanne ne na ƙarshe ba, kuma gyaran da wata ta yi ya ɓace. Mene ne mafita? Daga wata ɗaliba, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ciwon yana cikin turawar. Duk lokacin da kika tura fayil ta WhatsApp, kwafi kika tura, kuma daga wannan minti kwafin ya kama hanyarsa daban. Mutum bakwai su yi gyara sau biyu kawai, an sami takarda goma sha huɗu masu kama da juna. Maganinsa shi ne takardar ta zauna wuri ɗaya, mutane su riƙa zuwa wurinta.

Ki buɗe sabuwar takarda a Google Docs, wato shafin rubutu na intanet da mutane da yawa za su iya aiki a kan takarda ɗaya. Kyauta ne ga duk mai adireshin Gmail, kuma yana aiki a waya. Kafin ki gayyaci kowa, ki fara jera kanun sassan aikin: gabatarwa, tarihin sana'ar, kayan aiki, matakan jima, kasuwa, da sauransu. A ƙarƙashin kowane kai ki sa sunan mai shi, da ranar da zai gama, da yawan kalmomin da ake so, misali 400. Kada ki raina wannan mataki. Mutum bakwai a kan farar takarda ba abin da za su yi sai zura wa juna ido.

Sai ki danna wurin rabawa ki shigar da adireshin Gmail na kowa ɗaya bayan ɗaya. Izini iri uku ne: mai kallo kawai, mai yin tsokaci, da mai gyara. 'Yan rukuni su zama masu gyara. Malami ko wani da kuke so ya duba muku ya zama mai tsokaci. Akwai zaɓin buɗe takardar ga duk wanda ya sami mahaɗin, wato adireshin takardar na intanet, amma ki guje shi. Mahaɗi yana yawo daga wannan zaure na WhatsApp zuwa wancan, kuma wanda ya shigo ta nan ba tare da an gayyace shi ba sunansa ba ya fitowa.

Ku kafa doka ɗaya: kowa ya rubuta kai tsaye a sashensa, amma idan zai taɓa na wani, ya koma yanayin ba da shawara. A kwamfuta alamar fensir ce a sama ta hannun dama. A waya yana cikin ɗigo ukun nan na sama. A wannan yanayi abin da kika goge ba ya tafiya, layi ake ja a kansa, abin da kika ƙara kuma ya fito da launi, har sai an amince ko an ƙi. Gyaran da kika ce ya ɓace, da ta wannan hanya aka yi shi da yana nan.

Game da fayil taran da ke hannunki: ki ɗauki mafi cika ki zuba, sannan kowa ya duba sashensa ya maido da abin da ya rasa daga nasa kwafin. Bayan haka a daina tura fayil gaba ɗaya.

Tambaya: Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a Daura. Ajina ya haura ɗalibai sittin, masu waya a gida ba su kai goma ba, wuta kuma sai a hankali. Ina son su koyi rubutu tare, amma duk aikin rukuni da na bayar mutum ɗaya ke yi, saura su sa suna. Shin akwai dabara, kuma yaya zan raba maki da adalci? Daga wani malami, Daura.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, kuma amsarta ba ta fara daga na'ura ba. Abin da manhajoji irin Google Docs suke yi abu uku ne: suna ajiye rubutu wuri ɗaya, suna nuna wanda ya rubuta me, suna kuma adana abin da aka goge. Duka ukun ana iya yinsu da littafi da biro.

A raba ajin rukuni-rukuni na mutum huɗu, ko biyar in ya zama dole. Da zarar an kai shida, akwai wanda zai ɓuya. Kowane rukuni ya sami littafi ɗaya. Shafin dama na rubutu ne, shafin hagu na gyara da tsokaci. Kowane ɗalibi ya sa harafin farko na sunansa a gefen sakin layin da ya rubuta, kuma in da hali kowa ya riƙe launin bironsa. An hana yage shafi, an hana gogewa. Wanda bai yarda da jimla ba ya ja mata layi ɗaya siriri yadda za a iya karanta ta, ya rubuta tasa a hagu tare da dalili.

A ɗauki batun da ke kusa da su, kamar rijiyar Kusugu, ko hawan sallar Gani, ko yadda ake hada-hadar dabbobi a kasuwar Mai'aduwa. Aikin ya ɗauki darasi huɗu. A na farko rukuni ya tattauna ya fitar da tsari, wato sakin layi nawa, kowanne me zai ƙunsa, wa zai rubuta. A na biyu kowa ya rubuta nasa a cikin aji, a gaban Malam. Nan ne ake toshe ƙofar da Malam yake kuka da ita, domin aikin da aka tafi da shi gida hannun mai ƙoƙari yake faɗawa. A na uku a yi musaya, kowa ya duba na wani, da sharaɗin kawo gyara biyu: ɗaya na ma'ana, ɗaya na ƙa'idar rubutu. Idan ba a sa wannan sharaɗi ba, abin da za a gani a shafin hagu shi ne "ya yi kyau" kawai, saboda yara suna jin kunyar gyara wa juna, musamman idan mai rubutun ya girme su. A na huɗu mutum ɗaya ya karanta duka da ƙarfi, sauran su saurari inda maganar ta yi karo ko ta maimaitu, sannan a kwafe tsaftatacce. A aiki na gaba a juya ayyukan, wanda ya karanta ya zama mai kwafewa.

Maki kuwa, shawararmu a kasa shi uku. Cikin 20, a ba 8 ga takardar ƙarshe, kowa a rukuni ya sami daidai da na ɗan'uwansa. A ba 8 ga sakin layin da ɗalibi ya rubuta da hannunsa. Ragowar 4 na ingancin gyaran da ya yi wa wani. Malam zai iya canza rabon, amma kada kason rukuni ya rinjayi sauran biyun a haɗe, in ba haka ba an koma gidan jiya.

Idan makarantar tana da ɗakin kwamfuta da intanet, wannan tsari ne dai za a ɗora a kai. A Google Docs akwai tarihin takarda, alamar agogo a sama, ko a danna Ctrl da Alt da Shift da H tare. Zai jero lokutan da aka yi aiki, rubutun kowa da launinsa. A kwamfuta ake ganinsa sosai. Sai dai a yi hattara da abu biyu. Tarihin yana nuna asusun da aka shiga da shi ne, don haka idan yara uku suka yi aiki da wayar yayansu, duk sunan yayan zai ɗauka. Haka kuma yaron da ya rubuta a takarda ya ba abokinsa ya buga masa zai bayyana kamar bai yi komai ba. Saboda haka tarihi shaida ce, amma kada a yanke hukunci da ita kaɗai. A kira ɗalibi a tambaye shi dalilin da ya sa ya fara sakin layinsa da abin da ya fara. Minti ɗaya ya isa a gane mai aiki.

Akwai kuma batun shekaru: ƙa'idar Google ita ce yaron da bai kai 13 ba ba ya buɗe asusu da kansa. Ga 'yan ƙaramar sakandare, Etherpad ya fi sauƙi. Shafi ne da ake buɗewa ba tare da rajista ba, kowa ya rubuta sunansa ya sami launi, kuma yana da wurin da ake ja a ga yadda rubutun ya girma tun daga farko. Rauninsa shi ne duk mai mahaɗi zai iya shiga, kuma wasu masu samar da shi kyauta suna share shafin bayan wani lokaci. A sauke aikin a ajiye a ƙarshen kowane darasi.

Tambaya: Muna fassara wani ɗan littafin kiwon lafiya mu uku. A kwamfutata haruffa masu lanƙwasa suna fita daidai, amma a wayar abokin aikina sai su koma akwati ko wata alama. Laifin wa? Daga wani ma'aikacin lafiya, Katsina.

Amsa: Yallaɓai, mafi yawan lokuta tsohon salon haruffa ne ke jawo wannan. Akwai salon da aka ƙera tun kafin na'urori su san haruffan Hausa, inda aka ɗauki gurbin wata alama aka zana ƙ ko ɗ a kai. Ga mai wannan salo harafin yana fita, ga wanda ba shi da shi sai alamar asali ta bayyana. A yau kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode, wato tsarin bai-ɗaya da na'urori ke gane haruffa da shi: ƙ 0199, ɗ 0257, ɓ 0253, manyansu kuma Ƙ 0198, Ɗ 018A, Ɓ 0181. A Microsoft Word, a buga lambar ita kaɗai sannan a danna Alt da X, harafin zai fito. A waya a ƙara Hausa a cikin harsunan Gboard, wato manhajar buga haruffa ta Google. Idan an yi haka kuma akwatin bai tafi ba, salon da aka zaɓa ne ba shi da harafin, sai a koma Noto Sans ko Charis SIL.

Tun da ku uku ne, ku rubuta yarjejeniya a shafin farko: 'y za ku rubuta ko ƴ, "shi ne" a rabe, wace kalma kuka tsayar wa kowace cuta da kowane magani. A littafin lafiya, cuta ɗaya ta fito da suna biyu haɗari ne ga mai karatu. Ku kuma kashe gyaran kai-tsaye na manhajar, domin yana maida kalmomin Hausa na Turanci ba tare da an lura ba.

Tambaya: Mijina da abokinsa suna rubuta tarihin unguwarsu, ni nake buga musu. Intanet ɗinmu ba ya tsayawa. Dole ne sai da shi? Daga wata uwargida, Rafindaɗi, Katsina.

Amsa: Ba dole ba ne, Hajiya. Google Docs yana da zaɓin ajiye takarda a waya don aiki ba intanet, amma sai an kunna shi tun ana da sabis. Abin da aka rubuta zai hau idan sabis ya dawo. Matsala tana tasowa idan mutum biyu suka taɓa sakin layi ɗaya alhali ɗaya ba ya kan layi, sai a tarar da jimloli sun cakuɗe. Don haka a raba babi-babi, kowa ya tsaya a nasa.

Idan kuma Word kike amfani da shi, a yi aikin bi da bi. Fayil ɗaya, a hannun mutum ɗaya a lokaci ɗaya. Kafin a miƙa wa na gaba, a kunna bibiyar gyara ta danna Ctrl da Shift da E, a kuma sa kwanan wata da sunan mai gyara a cikin sunan fayil. Kalmar "na ƙarshe" kada ta shiga sunan, domin gobe za a sake wani. In an yi kuskure mutum biyu suka gyara kwafi daban-daban, Word yana da hanyar kwatanta takardu biyu ya nuna bambancinsu, haka ma LibreOffice wanda kyauta ne.

A aikin tarihi akwai ƙarin abu ɗaya. Idan dattijo ya faɗi wata shekara, wani dattijon ya faɗi wata, kada mai bugawa ta zaɓi ɗaya ta share ɗaya. Ki bar duka biyun, ki sa tsokaci a gefe da sunan wanda ya faɗa da ranar da aka yi hirar, maigida da abokinsa su koma su bincika.