Karatun nas na shekara biyu a Amurka: amsa ga mai tambaya daga gida

Malam, ka ce ka ji ana karatun jinya na shekara biyu a nan Amurka mutum ya fito cikakken nas, kana tunanin turo 'yarka. Labarin gaskiya ne, sai dai rabinsa aka ba ka.

Sunan takardar ADN, wato ƙaramin digirin jinya na shekara biyu. Galibi a ƙananan kwalejojin gwamnati ake yinta, irin su Hostos da ke Bronx a New York, inda 'yan zangon Gana da mutanen Nijar suke da yawa. Tsarin ya faro a 1952 bisa shawarar wata malama, Mildred Montag, lokacin da asibitoci ke fama da ƙarancin ma'aikata bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Mai ADN da mai digirin shekara huɗu jarrabawa ɗaya suke zaunawa, lasisi ɗaya ake ba su.

Shekara biyun nan a takarda take. Kafin a karɓi ɗaliba a sashen jinya sai ta ci darussan share fage: ilimin sassan jiki da aikinsu kashi biyu, ilimin ƙananan ƙwayoyin cuta, rubutun Turanci, ilimin halayyar ɗan Adam, wasu wuraren har da lissafi da kimiyyar sinadarai. Wannan kaɗai yakan ci shekara guda. Sannan ta zauna jarrabawar shiga, TEAS ko HESI. Gurbin kaɗan ne, ana jera masu nema ne bisa maki, don haka wadda ta sha da ƙyar a darasin sassan jiki sai ta yi ta nema ana wuce ta. Kuma kwalejoji da yawa ba sa karɓar darasin kimiyya da ya wuce shekara biyar ko bakwai, sai a sake. Ka ƙiyasta shekara uku, wani lokacin huɗu.

Mutanenmu galibi ba sa faɗawa ciki kai tsaye. Sukan fara da kwas ɗin mataimakin nas, CNA, wanda dokar tarayya ta sa mafi ƙarancinsa awa 75, su kama aiki a gidan kula da tsofaffi, suna biyan kuɗin darasi kaɗan-kaɗan. Dabara ce mai kyau a lokacin share fage. Amma in aka shiga sashen jinya sosai, haɗa shi da cikakken aikin dare shi ne abin da ya fi kayar da mutane. Makin ci a yawancin wurare 75 ne ko sama, jarrabawar lissafin adadin magani kuwa 90, kuma faɗuwa biyu kora ce. Ga salon tambayoyin: amsoshi huɗu duk suna kama da daidai, ana so ka zaɓi abin da za ka fara yi wa majinyaci. Mu da muka taso da hadda, a nan muke shan wuya.

Kafin a fara zuwa asibiti koyon aiki, sai an binciki ko mutum ya taɓa laifi, an gwada fitsari don ƙwaya, an ga katin allurar rigakafi da na koyon farfaɗo da numfashi. Gwajin tarin fuka na fata yakan nuna kamar muna da cutar saboda lambar BCG da aka yi mana muna jarirai, shi ya sa gwajin jini ya fi. Hijabi ba matsala ba ne, dokar 1964 ta hana wariyar addini a wurin aiki, sai dai a ɗakin tiyata da ke da nasa sutura. Abin da ya kamata ku tattauna a gida shi ne za ta wanke majinyata maza, kuma aikin asibiti yawanci awa 12 ne, har da dare da Juma'a.

Gama kwaleji bai mai da ita nas ba sai ta ci NCLEX, jarrabawar samun lasisin jinya. Kuɗin rajista dala 200, awa biyar, tambayoyi 85 zuwa 150, kwamfuta na ƙara wuya gwargwadon amsarta. In ta faɗi, sai bayan kwana 45. Hukumar jinya ta jiha ce ke ba da lasisi, don haka a tabbatar ta amince da kwalejin, kuma kwalejin na da shaidar ACEN, hukumar da ke tantance ingancin makarantun jinya. A Janairun 2023 aka bankaɗo wasu makarantu a Florida da suka sayar da takardun bogi sama da 7,600, jihohi suka bi lasisin masu su suna sokewa. A New York kuma dokar 2017 ta wajabta wa mai ADN ya ƙarasa digiri cikin shekara goma.

Yanzu ga sauran rabin labarin. Duk wannan hanya ce ta wanda ke da takardar zama. Mai bizar karatu ba ta da haƙƙin tallafin gwamnatin tarayya, kuɗin makarantarta yakan ninka na 'yan gari biyu ko uku, aiki kuma awa 20 a mako a cikin harabar kwaleji kawai. Bayan ta gama, izinin aiki na wata 12 za a ba ta, alhali layin takardar zama ta ma'aikatan jinya yakan fi haka tsawo.

Shawararmu, ta yi karatun jinya a gida, ta karɓi lasisin Hukumar Jinya da Ungozoma ta Najeriya, ta yi aiki, sannan ta tura takardunta CGFNS (yanzu sunanta TruMerit), ƙungiyar da ke duba takardun ma'aikatan jinya na ƙasashen waje, a tantance, ta zauna NCLEX, ta nemi asibitin da zai ɗauki nauyin bizarta. A kula ta yi cikakken kwas ɗin jinya. Na ungozoma zalla ba ya wadatarwa, domin hukumomin nan suna ƙirga awannin da ta yi a ɓangaren manya, yara, haihuwa da masu taɓin hankali, kowanne daban.