Ɗana, jirgin dakon kaya ma yakan je yaƙi

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iske ni lafiya, na kuma yi murna ƙwarai da gurbin karatun injiniyan jirgin ruwa da ka samu a nan Ingila. Ka ce Yaya ta ƙi sa maka albarka saboda ta ji a rediyo ana harbin jirage a Bahar Maliya, ka roƙe ni in gaya mata cewa jirgin dakon kaya ba ruwansa da soja. Ka yi haƙuri, wannan kam ba zan faɗa mata ba, domin ba haka abin yake ba. Ina so ka zo, amma ka zo da idonka a buɗe.

A nan Liverpool inda nake zaune, tsofaffin ma'aikatan jirgi har yau ba su manta da Atlantic Conveyor ba. Jirgin kwantena ne na kamfanin Cunard, yana fake a wannan tashar lokacin da Ajantina ta mamaye tsibiran Falkland ranar 2 ga Afrilun 1982. Tsibiran suna da nisan kusan mil 8,000 daga Birtaniya, kuma rundunar sojin ruwa ba ta da isassun jiragen da za su kwashi mutane da mai da kayan faɗa. Sai gwamnati ta juya ga 'yan kasuwa, wasu jiragen ta ɗauka haya, wasu ta karɓa da ƙarfin doka tana biyan masu su. Canberra da Queen Elizabeth 2, jiragen 'yan yawon shaƙatawa, suka koma ɗaukar sojoji. Uganda, wanda ke yawo da 'yan makaranta a Bahar Rum, aka sauke yaran aka mai da shi asibiti.

Shi Atlantic Conveyor, cikin 'yan kwanaki aka gyara samansa a tashar sojin ruwa ta Devonport, ya tashi ranar 25 ga Afrilu. Ya ɗauki jiragen yaƙi na Harrier 14, da jirage masu saukar ungulu, da tantuna, da harsasai. An loda masa kayan yaƙi, amma shi kansa ba a ba shi abin kare kai ba. Jiragen soja suna da tarkacen ƙarfe da suke watsawa a iska don su ruɗa makami mai linzami, shi ba shi da ko wannan. Duk sanda na tuna, abin yakan tsaya mini a rai, domin na san yadda ɗakin inji yake: kana can ƙasa cikin zafi da ƙara, ba ka ganin sama, sai abin da aka faɗa maka ta lasifika.

Allah ya sa Harrier ɗin sun riga sun tashi sun koma kan Hermes da Invincible, manyan jiragen ruwan soja masu ɗaukar jiragen sama. Ranar 25 ga Mayu jiragen Ajantina biyu suka harbo makamai masu linzami na Exocet, suka same shi, wuta ta kama ta ƙi mutuwa. Mutum 12 suka rasu, har da kyaftin ɗin, Ian North, wanda yana cikin na ƙarshe da suka bar jirgin, ba a ƙara ganinsa ba. Rabin mamatan ma'aikatan kamfani ne irina, ba su taɓa yin rantsuwar soja ba. Jirgin ya nutse ranar 28 ga Mayu ana cikin jan sa.

Dubi abin da rashin jirgin kaya ɗaya ya jawo. Jirage masu saukar ungulu, manyan Chinook uku da Wessex shida, sun tafi tare da shi, Chinook ɗaya tak ya tsira saboda yana sama a lokacin. Da su aka yi niyyar kwashe sojoji daga San Carlos, inda suka sauka, zuwa Stanley, babban birnin tsibiran. Da babu su, dole mutane suka taka kusan kilomita 90 a ƙafa, cikin hunturu da laka, da kaya a gadon baya. Abin da ya sa abokin gaba ke neman jirgin kaya ke nan: ya san cikin soja da bindigarsa duk a kansa suke.

To, ga ɓangaren da zai kwantar wa Yaya hankali. Ma'aikatan da suka tafi a 1982 tambayar su aka yi suka amsa da bakinsu, ba a ɗaure kowa ba. A yau kuma akwai yarjejeniyar aikin teku ta duniya ta 2006, wadda ta tanadi a mai da ma'aikaci gida idan jirginsa zai nufi fagen yaƙi bai yarda ba. Idan kwantiraginka yana ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta ITF, a wuraren da aka ayyana na yaƙi kana da ikon cewa ba za ka je ba, in ka je kuma a ninka maka albashi da diyya. Tsoronta ba na banza ba ne: an kama jirgin kaya Galaxy Leader a Bahar Maliya a Nuwamban 2023, ma'aikatansa 25 sai Janairun 2025 aka sake su, kuma harin da aka kai wa wani jirgin kaya, True Confidence, a Maris ɗin 2024 ya kashe mutum uku.

Abin da nake jiye maka shi ne kunya da zumuɗi. Bayan karatu sai ka yi watannin horo a teku kafin ka samu takardar shaida, kuma samun wannan gurbi yana da wuya. Na ga yara da yawa sun sa hannu a takarda ba su karanta ba, don kada damar ta kuɓuce. Ni kaina na taɓa yin haka a wani kamfani, sai muna tsakiyar ruwa na san inda muka dosa. Kafin ka sa hannu ka tambayi tutar wace ƙasa jirgin ke ɗauke da ita, ina yake zirga-zirga, me aka rubuta game da yankin yaƙi, nawa ne diyya kuma wa za a ba.

Ka turo mini takardar makarantar da ta kuɗin karatu in duba. Ranar Juma'a bayan masallaci zan kira Yaya in sha Allahu, in gaya mata duk abin da na gaya maka, ba ragi. Ka gaishe mini da ita da ƙannenka.

Kawunka.